Filin Gwaggo: Tafinta, Ina Ka Kai Sauran Maganar Hajiya?

 Ni ɗalibi ne a Jami'ar Azhar, ina zaune a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, nan Alƙahira. Kamar da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai, nakan taɓa aikin tafinta ga mutanenmu masu zuwa neman magani daga Kano, Katsina, Sakkwato har da Maraɗi. Da shi nake sayen littattafai, in ɗan aika wa mahaifiyata kuɗin sabulu.

Kwanan baya aka haɗa ni da wata Hajiya mai shekara sittin da 'yan kai, babban ɗanta da autarta suka kawo ta. Malama ce, matan aure take koya wa karatu a gidanta. Ranar farko likita ya tambayi abin da ke damunta, sai ta ɗauko zance tun daga shekarar da maigidanta ya rasu, ta bi ta kan mahaifiyarta da wanta, waɗanda ta ce basir mai jini ne ya tafi da su tun ba su kai hamsin ba, ta gangaro kan jiƙe-jiƙen da ta sha, da yadda yanzu alwala ba ta zama mata. Na ga likita yana duban agogo, ga mutane cike a waje, sai na ce masa: jini a bayan gida, rama, wata takwas.

Gwaji ya nuna ciwon daji ne a ƙarshen babban hanji. Likita ya ce sai tiyata, kuma mai yiwuwa ta tashi da jaka a gefen ciki inda bayan gida zai riƙa fita. Alhaji ɗanta ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura ta ji, in ce mata basir ne za a ɗan yi wa aiki, shi zai sa hannu a takarda. Na bi umarninsa. A tasi, muna komawa masaukinsu a Madinatu Nasr, ta dafa kujerata ta ce, "Malam ƙarami, kai ka san littafi. Tsakaninka da Allah, me likitan nan ya ce?" Na ce ba komai Hajiya, alheri ne. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Mako mai zuwa za a shiga da ita. In na yi magana na rasa aikin, kuma sunana ya ɓaci wajen masu turo mana baƙi. Ya zan yi?

Ɗanki, daga Abbasiyya

Ɗana, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da ilmi mai amfani. Rashin barcin nan naka na ji daɗinsa, ka yi haƙuri. Da ka ce mini kana sharar barci har da munshari, da na tsorata da kai.

Amma zauna tukuna, akwai faɗa.

Kai hankalinka yana kan ƙaryar da ka yi a tasi. Za mu zo kanta. Ni wadda ta fara tsaya mini a rai ita ce ta ɗakin likita, wadda ba ka ma lissafa ta a laifi ba. Dattijuwa ta buɗe baki ta ba da tarihin gidansu, kai kuma ka mayar da shi kalma bakwai. Ka yi tankaɗe, ka zubar da gari ka miƙa wa likita dusa. Mace ta ce uwarta da wanta sun mutu da zubar jini ta dubura kafin su kai hamsin, kai kana ganin surutun tsufa ne? Wannan ita ce maganar da likitan hanji ya fi buƙata a duk zaman. Mutanenmu duk jinin da ya fito ta nan basir suke ce masa, su yi ta shan sassaƙe da saiwa har lokaci ya ƙure. Wani basir ɗin ne da gaske, wani kuwa daji ne yake ci a ɓoye. Akwai kuma irin dajin hanjin da ke bin jini a dangi. In likita ya ji haka, yakan sake duban irin aikin da zai yi, kuma zai ce a duba 'ya'yanta. Shawarar da likitoci suka saba bayarwa ita ce wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo ya fara gwajin leƙa hanji tun yana shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da ciwon ya kama na farko a gidan. Ka ga Alhajin da ya ja ka gefe? Mai yiwuwa maganar da ka yanke lafiyarsa ce a ciki, da ta ƙannensa.

Kuma a ce a Masar ka yi wannan! Tambayi kowane tsohon likita a Kasrul Aini, zai gaya maka darajar tambayar "a ina ka girma?" A wannan asibitin ne Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a 1851. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnati ta bi ƙauyukan bakin Nilu tana yi wa jama'a allurar tsargiya a layi, da sirinjin gilas da ake ta maimaitawa ba tare da an dafa shi yadda ya kamata ba. Niyya mai kyau, amma ta nan ciwon hanta nau'in C ya bazu. Binciken da aka yi a 2008 ya nuna kusan mutum 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 sun taɓa kamuwa. Masu bincike sun haɗa zaren ne ta hanyar duba shekarun mutane, da yankin da suka tashi, da wanda ya shiga layin allurar nan yana yaro. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2000. Wato manomi ya zo da kumburin ciki yana da shekara hamsin, amsar tana can cikin labarin wata rana da aka tara su a makarantar firamare. Daga baya Masar ta tashi tsaye, daga Oktoban 2018 ta gwada kusan mutum miliyan 50 cikin wata bakwai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zinare kan yaƙi da ciwon a 2023, ƙasa ta farko da ta samu. Likitan da ya tashi a irin wannan ƙasa ba baƙon jin tarihi ba ne. Kai ne ka yanke masa hukunci cewa ba ya so.

Za ka ce ai yana duban agogo. To, ya duba mana. Wane likita ne ba ya duba agogo? A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, suka auna suka ga likita yakan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 kacal da fara magana. Sai wasu a birnin Basel na Suwizalan suka ce bari mu ƙyale mutane su yi magana har su gaji, mu ga ko duniya za ta tashi. Abin da suka buga a 2002 shi ne, a matsakaici daƙiƙa 92 mutum yake yi ya kai aya, kuma kusan takwas cikin goma sun gama kafin minti biyu. Na san Hajiyoyinmu, in an ce su fara daga rasuwar Malam sai an ƙara musu minti uku. Duk da haka minti biyar ne. Matar da ta hau jirgi daga Kano, aka sayar da fili ko aka taɓa jari don a kawo ta, ba ta ci minti biyar ba?

A Jami'ar Columbia ta New York wata likita mai suna Rita Charon ta mayar da wannan abu fanni guda tun wajen shekarar 2000, ana koya wa ɗaliban likitanci yadda za su saurari labarin mara lafiya su fahimce shi. Su sai da suka buɗe masa aji. Mu kakanninmu sun riga sun gama maganar: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu mu zo kan tasi.

Kada ka ɗauka Alhaji mugu ne. Tsoro ne da ƙauna suka haɗu suka rufe masa ido. Wa a cikinmu bai taɓa tsayawa a barandar asibiti ana raɗa ba, ana cewa kada a gaya wa Baba, kada a gaya wa Inna, zuciyarta ba za ta ɗauka ba? Misirawan ma haka suke, da yawansu ko sunan ciwon ba sa son kamawa. Har ƙa'idar aikin likita ta ƙasar, wadda ministan lafiya ya fitar a 2003 mai lamba 238, ta bar wa likita ƙofa: saboda tausayi yana iya ƙin bayyana wa mara lafiya munin abin da ciwo zai kai shi, ya gaya wa iyalinsa. Amma ita wannan ƙa'idar dai ta ce tiyata sai da yardar mara lafiya a rubuce, yarda ta wanda ya san abin da ya yarda da shi. Wakili yana sa hannu ne in mutum ba ya cikin halin yanke wa kansa hukunci, ko in ana gaggawar ceton rai. Hajiya da hankalinta. Matar da take gyara wa wasu karatu ba a ce mata ba ta san dama da hagu ba.

Kuma ta tambaya. Nan ne maganar ta tsaya. Akwai mara lafiyar da zai ce muku ni dai ku yi abin da ya dace, kada ku gaya mini komai. Wannan haƙƙinsa ne, a bar shi. Ita kuwa ta dafa kujera ta haɗa ka da Allah. Kana tsammanin ba ta sani ba? Ta ga fuskar autarta ta kumbura da kuka, ta ga ɗanta yana fita waje in zai amsa waya, ta ga yadda ciwon nan ya ɗauki uwarta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da kuka yi mata ba ku ɗauke mata tsoro ba, kun bar ta da shi ita kaɗai, ba ta da wanda za ta yi maganarsa da shi, don kowa ya ce mata alheri ne.

Ka kawo ranar da za ta farfaɗo a zuciyarka. Ta kai hannu gefen cikinta ta ji leda. An ce mata basir ne. Macen da rayuwarta kaf a kan tsarki take, wadda abin da ya fi damunta a duk jawabinta shi ne alwala ba ta zama. Ka ji wannan kuwa da ta faɗa? Ba ƙorafin ciwo take yi ba, tana gaya muku abin da ta fi tsoron rasawa. Tambayar farko da za ta yi ba za ta zama "zan rayu?" ba. Za ta ce, "Sallata fa? Zan taɓa Alƙur'ani? Zan zauna gaban ɗalibaina?" Kuma ga abin haushi, amsar tana hannunka. Kai da ka bi ta Ahalari da Iziyya da Risala kafin ka ga Azhar, ka san babin mai uzuri, ka san sassaucin da malamanmu na Malikiyya suka yi wa wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba. Darul Ifta tana nan Darrasa, taku kaɗan daga inda kuke karatu, tun 1895 ake kai mata tambayoyi. Mutane da yawa suna salla da jakar nan, suna azumi, suna zuwa Hajji. In an gaya mata tun kafin aiki, aka kwantar mata da hankali da hujja, aka sa nas ta nuna mata jakar ta riƙe a hannu ta ga yadda ake canzawa, za ta shiga ɗakin tiyata da sanin abin da ta zaɓa. In kuwa ta farka ta tarar, ba za ta ƙara yarda da maganar ɗanta ba, ba ta likita ba, balle taka. Ga shi kuma akwai sauran tafiya a gaba, mai yiwuwa har da ƙarin magani na watanni. Da wane baki za ku ce mata ta daure?

Tana iya jin komai ta ce a'a, a mayar da ni gida. Zai yi ciwo. Sai a zauna a lallashe ta, likita ya faɗa mata abin da aikin zai saya mata da abin da barinsa zai jawo, a ba ta kwana biyu ta yi istihara. Wataƙila akwai wasiyya da take son yi, ko bashi, ko wata 'yar'uwa da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Ku ba ku san lissafinta ba. Jikin nata ne, ita za ta kwana da shi.

To ga abin da za ka yi, kuma ba gobe ba.

Kada ka je ka fasa mata labari kai kaɗai. Kai ba likita ba ne, in ta tambaye ka mataki na gaba ba ka da amsa.

Ka sami Alhaji yau da daddare, autar tana wurin. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Alhaji, Hajiya ta haɗa ni da Allah, na kasa. Kuma akwai maganar da ta faɗa wa likita ban isar ba, wadda ta shafe ku ku 'ya'yanta." Ka gaya masa zancen kakarsa da kawunsa. Ka tambaye shi abin da zai ce mata ranar da ta ga jakar. Yawanci nan gardama take karyewa, don bai yi tunanin ranar ba, tunaninsa ya tsaya a ƙofar tiyata.

Sannan ka koma wurin likita ka nemi a sake zama. Ka faɗa masa ƙarara cewa Hajiya ba ta san ciwon ba, ba ta san aikin ba, kuma ka taƙaita tarihinta. Mai yiwuwa shi yana can yana zaton duk abin da ya faɗa ya isa kunnenta, tunda ya ga bakinka yana motsi. A zaman nan a fara da tambayarta: Hajiya, me kika fahimta game da ciwon nan? Kina so a gaya miki komai, ko kin wakilta Alhaji? Daga nan a bi ta a hankali, gwargwadon abin da ta nema. Ita magana, jimla-jimla za ka ɗauka, tata zuwa gare shi, tasa zuwa gare ta. Ba ragi, ba gyara.

In da hali ka nemo ɗaliba mace cikin 'yan'uwanku ta zauna a wannan zaman. Dattijuwa ba za ta buɗe wa sa'an autarta duk abin da ke tsakaninta da bayi ba, komai malantarsa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

In Alhaji ya kafe, ka ce masa ya nemi wani tafintan, ka kuma sanar da likita dalili kafin ka tafi. Kuɗin za su yi maka zafi, na sani, ga tsadar Alƙahira. Amma masu turo baƙi su ma suna da iyaye, kuma labari yana zagawa a Madinatul Bu'us fiye da yadda kake zato. Za a san ka da cewa kai ne wanda ba ya cin maganar mara lafiya. Ka kuma nemi gafarar Hajiya da bakinka, kada ka aika.

Ku kuma sauran masu karatu, kada ku gyara zama kuna cewa yaron nan bai kyauta ba. Mu nawa muka raka tsohuwa asibiti, likita ya tambaye ta, muka yi caraf muka amsa? "Ba haka ba ne Inna, bari in faɗa masa." Ko a gida inda likita Bahaushe ne, ba tafinta a tsakani, sai ɗa ya zama tafintan dole. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In za ku fita da mara lafiya waje, Masar ce ko Indiya, ku zauna da shi tun a gida ku rubuta: me ya kashe iyaye da 'yan'uwa, a wane shekaru, wace sana'a ya yi, a ina ya tashi, ruwan rafi ko na rijiya, an taɓa ƙara masa jini, wane magani yake saye a kemis, wane jiƙo yake sha. Na gargajiyar nan musamman, kada a ji kunyar faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙarshe ku tambaye shi abin da ya fi tsoro, da abin da yake so ya iya yi in ya warke. Wannan ba ya fitowa a hoto ko gwajin jini, kuma da shi ne likitan kirki yake auna wane magani ya dace da wane mutum.

Ga wata gajeruwa, ita ma daga can.

Gwaggo, yayata tana jinya a nan Alƙahira, kuɗi suka yanke mana. Na ɗauki hotonta a gadon asibiti, na rubuta labarinta duka, har da sakin da mijinta ya yi mata da ciwon ya tsananta, na sa a Facebook da WhatsApp. Alhamdu lillahi an taimaka. Amma ta gani, yau kwana da kwanaki ba ta yi mini magana. Ni da na yi don ita?

'Yarki, daga Ainu Shams

'Yata, Allah ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi, jinya a ƙasar wasu ba wasa ba ce. Amma kin yi laifi, ki karɓa.

Shi ɗan'uwanki na sama ya rage labari, ke kin yi kyauta da wanda ba naki ba. Ciwon nata ne, sakin nata ne, kan da ba ɗankwali a hoton nan nata ne. Yanzu dangin tsohon mijin sun gani, kishiya ta gani, 'ya'yanta za su girma su tarar. Na san inda kika koya. Duk azumi talabijin ɗin Masar cike yake da tallan asibitoci masu neman sadaka, kuma labarin marasa lafiya yana buɗe aljihu. Da kuɗin jama'a aka gina asibitin dajin yara na 57357 da aka buɗe a 2007 a unguwar Sayyida Zainab, ake kuma yi wa yara magani kyauta. Duk da haka su kansu Misirawa suna muhawara kowace shekara a kan inda ya kamata a tsaya wajen nuna mara lafiya. Neman taimako ba abin kunya ba ne. Sai dai ana tambayar mai labari tukuna: me zan faɗa, me zan bari, in sa hoto ko kada in sa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ki sauke rubutun yau, ki roƙi waɗanda kika tura wa su goge. Ki je ki zauna a bakin gadonta ki ba ta haƙuri, ba tare da kin kawo zancen nawa aka tara ba. Ki rubuta mata lissafin kuɗin, abin da ya shigo da abin da aka kashe, ki miƙa mata. In har ana buƙatar a sake nema, ita za ta faɗi kalmomin, ke ki rubuta, ki karanta mata ta ji kafin ki tura.